Yaron da Bayansa Ya Ƙi Lanƙwasuwa

Yau kan wata larurar yara za mu tattauna: yaro ya taso wuyansa da gadon bayansa a sandare, haɓarsa ba ta iya taɓa ƙirji, tun yana goye ma ya makara wajen riƙe kai.

Kada a haɗa ta da sanƙarau. Shi farat ɗaya yake zuwa da zazzaɓi mai zafi, asibiti ake nufa nan take. Wannan kuwa a hankali take bayyana. Raunin tsoka ne na gado: uwa da uba kowa na ɗauke da ƙwayar halittar bai sani ba, shi ya sa ta fi yiwuwa a auren zumunci. Ba iska ba ce, ba kuma laifin uwa ba.

To, abin tsoron shi ne numfashi. Yaro yana yawo da ƙafarsa, amma cikin barci numfashinsa ya raunana. Ke da kike kwana da shi, ki lura da ciwon kai da safe, gyangyaɗi da rana, rama, da mura mai yawan sauka ƙirji.

Wataƙila a kawo miki 'yan ƙwayoyin homiyofati masu zaƙi, a ce suna tallafawa. Bincike bai nuna suna sakin baya ko ƙarfafa numfashi ba. Har yau babu mai warkar da ita. Abin da ke taimakawa shi ne gashin ƙashi, na'urar numfashi ta dare, wani lokaci tiyata.

Ki lallaɓi maigida a je Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano, a roƙi likita ya auna numfashin. Kuma don Allah kada mai ɗori ya danna bayan nan.