Mujiyar Atens da Tambarin Sharaɗa

Dillalin da ke ɗaukar kaya daga masana'antun Sharaɗa, Chalawa ko Bompai zuwa kasuwar Singa a Kano ya san cewa masu saye da yawa ba sa karanta sunan kamfani. Hoto suke nema. "Ba ni mai zaki," ko "mai tauraro nake so." Kamfanin da tambarinsa ya karɓu ba ya taɓa shi, don ranar da ya sake zane, ranar za a ce jabu ne.

Haka Girkawan dā suka yi da kuɗinsu na azurfa. Kowane birni da tambarinsa: Egina kunkuru, Korint doki mai fukafukai, Metafontum zangarniyar sha'ir. Atens kuwa mujiya ta zaɓa, tsuntsuwar da mu nan ba mai son jin kukanta a kan katangarsa. Tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka fara buga ta a kan sulai mai nauyin giram 17, da azurfar da bayi ke haƙowa a Lauriyon. Maƙeri ya ɗora curin azurfa a kan hatimi, ya buga da guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu sun zo daidai. Salon zane ya yi ta sauyawa a Girka, amma mujiya ta daɗe da kamanninta na gargajiya, saboda fatake har Masar da ƙasar Larabawa ita suka sani. Can ma aka riƙa kwaikwayonta, kamar yadda ake yi wa kowane tambari mai kasuwa. Wanda bai yarda ba sai ya tsaga sulan da ƙarfe mai kaifi, ya ga ko tagulla aka lulluɓe.

Kano ta san irin wannan. Riyal ɗin Maria Theresa da fataken Sahara suka kawo, 1780 ne rubuce a jikinsa komai shekarar da aka buga shi.

Masu tara tsoffin kuɗi sun fi zuba dukiya a kan sulallan Sirakus na Sisili, masu dawakai huɗu a guje, waɗanda gwanaye irin su Kimon suka sa wa sunansu. Sun fi kyau, babu musu. Amma ni mujiya mai tsaga a fuska ta fi burge ni, ko da yake tsagar tana karya mata farashi wurin gwanjo, don ita ce ta shiga hannun 'yan kasuwa.