Kafin ku sayi tankin iska, ku duba wuyansa

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya, Illela da Birnin Ƙonni, muna ganin tankunan iska na gwanjo da masu faci da masu fenti ke saye. Dillali yakan ƙwanƙwasa cikin tanki ya ce ƙarfe ne mai kauri. Mu kuwa hankalinmu yana wuyansa, inda aka huda aka liƙa bututu.

Duk inda aka yanke rami a jikin tanki, nauyin da ƙarfen da aka cire yake ɗauka yana taruwa a bakin ramin, har ya kai ninki biyu da rabi na sauran jiki. Shi ya sa dokar ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ASME, ta ce a mayar da ƙarfen da aka cire kusa da ramin: ko a ƙara kaurin bututun, ko a yi waldar zoben ƙarfe kewaye da shi. Ƙananan ramuka kawai aka yafe wa. Asalin dokar ta 1914 ce, bayan fashe-fashen tukwanen tururi, kamar na masana'antar takalma ta Brockton a 1905, inda mutum 58 suka mutu.

Zoben yana zuwa da wata ƴar huda. Ba aibi ba ce, ita ke tona yoyon walda ta ciki, kada a toshe ta. Idan kuwa kun ga an ƙara babban bututu ba zobe, ko an yi faci bisa tsatsa, ku bar wa mai kaya kayansa ko da ya karya kuɗi.