Kifin Teku a Tankin Murjani: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saki Sabon Kifi

Kifin adon da ake gani yana shawagi tsakanin rassan murjani a tankin gilashi, a otal ne ko a falon wani mai hali, ya sha doguwar tafiya kafin ya iso nan. Yawancin irin waɗannan kifaye daga teku ake kamo su. Indonesiya da Filifin ne kan gaba wajen fitar da su, Amurka kuma ita ce babbar mai saye. Daga hannun masunci sai na dillali, daga nan sai ɗakin ajiyar mai fitar da kaya, a ɗaure shi a leda ya kwana a jirgin sama, ya sauka wurin babban ɗan kasuwa, sannan ya isa shago. A kusan kowane zango ruwa ɗaya yake zama da ɗaruruwan kifaye daga tekuna daban-daban, ga yunwa ga firgici. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a wannan kiwo suke ɗaukar kowane sabon kifi a matsayin mai ɗauke da cuta, har sai lokaci ya wanke shi.

A nan ne fa gizo ke saƙar: tankin murjani ba wurin yin magani ba ne. Murjani, wanda mu muka fi sani a matsayin dutsen ado, dabba ce mai rai, kuma ba ta da juriya. Babban maganin ƙwarin da ke cin jikin kifin teku shi ne sinadarin jan ƙarfe, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi da ƙaguwa. Duwatsu da yashin tankin ma tsotse shi suke yi, su riƙa sakinsa a hankali daga baya. Ke nan duk wani magani na gaske a wani tanki daban za a yi shi, kuma ya fi sauƙi a yi shi tun kafin kifin ya taɓa ruwan babban tanki.

A fara da ruwa

Idan kifi ya canza, kar a yi saurin ɗora wa cuta laifi. A auna ruwa tukuna. Amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, dole ta zama sifiri. Gishiri kusan giram 35 a kowace lita, abin da ma'auni ke nunawa a matsayin 1.025 zuwa 1.026. Zafi tsakanin digiri 24 da 26. Idan an wayi gari kifaye duka sun taru a saman ruwa suna haki, a fara duba ko famfon da ke juya ruwa ya tsaya da dare, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Idan kuwa guda ɗaya ne ya rakuɓe a lungu da yagaggen fiffike, mai yiwuwa wani ne ke korarsa. Wannan ba aikin magani ba ne, a raba su kawai.

Bayan ruwa sai kallo. Ja kujera ka zauna ɗan nesa da gilashin, har kifayen su manta da kai. Dubi murfin kumatun kifin, inda jajayen kafofin numfashinsa suke: yana buɗewa a natse, ko da sauri? Ɓangare ɗaya kaɗai ke motsi? Yana goga jikinsa a dutse? Yana ɗaukar abinci ya tofar? Da asuba, kafin fitilun tankin su kunnu, haska shi da tocila ta gefe. Abin da hasken sama ke ɓoyewa, na gefe yakan tona shi.

Farin ɗigo, cutar da ke yaudarar mai kifi

Wadda aka fi gamuwa da ita ita ce cutar farin ɗigo, wadda wani ƙwaro mai suna Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Ɗige-ɗige ne farare, girman ƙwayar gishiri, a jiki da fiffike, ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Masu kiwon tarwaɗa sun san mai kama da ita a ruwan daɗi, amma ƙwaron daban ne. Gishirin da ake zuba wa waccan, wannan a cikinsa aka haife ta.

Wanda bai san yadda ƙwaron nan ke rayuwa ba, ba zai taɓa cin galaba a kansa ba. Yana shiga ƙarƙashin fatar kifi ya yi kwana uku zuwa bakwai yana ci. Idan ya ƙoshi sai ya faɗo, ya rarrafa na wasu sa'o'i, ya manne a dutse ko yashi ko gilashi, ya rufe kansa da ɓawo mai tauri. A cikin ɓawon nan yake rarrabuwa, guda ɗaya ya zama ɗaruruwa. Galibi cikin mako ɗaya zuwa huɗu ɓawon ke fashewa, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi. Wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya mutu.

To ka ga inda yaudarar take. Ranar Litinin mai tanki ya ga ɗigo goma a jikin kifinsa. Ya jiƙa abinci da ruwan tafarnuwa, ko ya zuba wani magani da aka rubuta masa cewa ba ya taɓa murjani. Kafin Juma'a jiki ya yi fes, sai ya yi hamdala, ya shiga yabon tafarnuwa. Alhali ƙwarin sauka suka yi don su hayayyafa. Bayan mako biyu sai su dawo ninkin ba ninkin. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Akwai kuma kifin da jikinsa ya saba, ba ya nuna ɗigo ko ɗaya, amma ƙwaron na nan a kafofin numfashinsa yana jiran baƙo. Shuɗin kifin nan da yara suka sani a fim ɗin Finding Nemo na 2003, da danginsa, su ne suka fi saurin kamuwa, kuma sau da yawa su ke fara tona asirin tankin da ake zaton lafiyarsa ƙalau.

Waɗanda ba sa ba da lokaci

Farin ɗigo yakan ba mutum kwanaki ya yi shiri. Wani ƙwaro mai suna Amyloodinium ocellatum kuwa ba ya bayarwa. Shi kafofin numfashi yake fara kamawa, don haka kifi na iya mutuwa jikinsa tas. Alamominsa: haki, gudun haske, da tsayawa daidai bakin famfo inda ruwa ke bugowa da ƙarfi. Idan ya bayyana a fata, ƙura ce laushi mai ɗan ruwan zinariya, ba ta ƙirguwa. Ɓawo ɗaya na iya fitar da 'ya'ya har 256, kuma cikin kwana biyu ko uku yana iya share tanki. Duk wanda ya ga waɗannan alamu, a daren nan zai fitar da kifayen, ba gobe ba.

Sai cutar Brooklynella, wadda ta fi addabar ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi, musamman wanda aka kamo daga teku. Yauƙi ne fari mai kauri ke saɓulowa daga jikinsa, yawanci daga kai. Jan ƙarfe ba abin dogaro ba ne a kanta. Wankan fomalin ake yi, fomalin kuwa guba ne ga mutum ma, sai da safar hannu kuma a wuri mai iska.

Tsutsotsin fata ba a cika ganinsu ba domin jikinsu garai-garai yake. Kifi ya riƙa girgiza kai, ido ya yi hazo, yana susa. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a samu baƙar roba, a zuba tataccen ruwan daɗi marar kulorin, wanda zafinsa da ma'aunin tsaminsa suka yi daidai da na tanki, a tsoma kifin na minti biyar ana lura da shi. Idan akwai su, za a ga sun yi fari suna zubowa ƙasan robar, kamar ƙwayoyin riɗi. Maganinsu farazikwantel, wanda dai ake ba yara 'yan makaranta don tsargiya. Ba ya kashe ƙwai, saboda haka ake maimaitawa bayan kusan mako guda.

Ba kowane farin abu ne tashin hankali ba. Ƙullutu mai gurɗa-gurɗa a bakin fiffike sau da yawa birus ne da ake kira Lymphocystis, ba shi da magani kuma yakan tafi da kansa idan ruwa da abinci sun gyaru.

Tankin killacewa

Ba ya buƙatar kyau. Lita 40 zuwa 80 ta ishi ƙananan kifaye. Ƙasansa fayau, babu yashi babu dutse, don kada su shanye magani kuma don a ga kashi da ragowar abinci a kwashe. 'Yan gutsattsarin bututun roba na masu aikin famfo su zama maɓoya. Sai hita, da abin busa iska, da murfi, domin kifin da ya firgita tsalle yake yi. Abu mafi muhimmanci shi ne soson tace ruwa da aka riga aka raina makonni, har bakteriyar da ke cinye amoniya ta zauna a cikinsa. Kifaye da yawa da ke mutuwa a killace ba cutar da suka zo da ita ke kashe su ba, amoniyar sabon tanki ce. A riƙa aunawa kullum, a ajiye haɗaɗɗen ruwan gishiri a shirye don canji.

Raga, bokiti, tiyo, duk na wannan tanki daban. Jiƙaƙƙen hannu kaɗai ya isa ya kai cuta ɗaya tankin, kuma kar a jera su kusa da juna, feshin ruwa ma yana ɗaukar ta.

Ranar isowa akwai wani tarko. Kifin da ya kwana a leda ya cika ruwansa da amoniya, amma iskar da yake fitarwa ta sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma yana danne dafin amoniyar. Da an buɗe leda iska ta fita, dafin ya farka. Don haka ba a barin kifin da ya yi doguwar tafiya ya daɗe a buɗaɗɗiyar leda. A ɗora ta a rufe a kan ruwan tanki kamar minti ashirin zafi ya daidaita, a tabbatar gishirin tankin ya yi daidai da na ledar, a ciro kifin, a zubar da ruwan. Shaguna da dama suna rage gishiri ko su sa ɗan jan ƙarfe kaɗan a ruwansu, wanda ke danne cuta ba tare da ya kashe ta ba. Kyan kifi a shago ba shaida ba ce.

Masu wannan kiwo sun rabu biyu. Wasu na cewa a zuba ido kawai na mako huɗu zuwa shida, sai an ga cuta a yi magani. Wasu na cewa a yi wa kowane kifi magani, ko ya nuna ko bai nuna ba. A ganina na biyun sun fi hujja, tunda mun riga mun ga cewa ido ba ya kama mai ɗauke da cuta a ɓoye. Sai dai a bari kifin ya huta ya fara cin abinci tukuna, in ba alamar gaggawa aka gani ba.

Jan ƙarfe sai da ma'auni. Tsakanin abin da ke kashe ƙwaro da abin da ke kashe kifi tazara kaɗan ce, kuma kowane kamfani da adadinsa: Cupramine miligiram 0.5 a lita, Copper Power kuwa wajen 2 zuwa 2.5. Wanda ya ɗauki lissafin wannan ya yi wa wancan, ya gama da kifinsa. A ɗaga shi sannu a hankali cikin kwanaki, a riƙe shi kwana 30. 'Ya'yan da ke iyo kaɗai yake kashewa, na cikin fata da na cikin ɓawo ba ya isa gare su, don haka idan ya sauka ƙasa da ƙima ko na yini ɗaya ne, lissafi ya koma farko. Kuma ba a haɗa shi da ruwan maganin da ke ɗaure amoniya, haɗin na iya zama guba. Wasu na amfani da kulorokwin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, amma akwai kifayen da ba sa jure shi, kuma awonsa aikin likitan dabbobi ne, ba a daka ƙwayar kemis a zuba da ka ba.

Ga farin ɗigo kaɗai akwai dabarar da ba ta buƙatar magani: tanki biyu, a riƙa mayar da kifi daga wannan zuwa wancan kafin cikar sa'a 72, sau huɗu, ana wanke wanda aka bari a busar da shi ƙarau. Kifin na barin ƙwarin a baya kafin su ƙyanƙyashe.

Idan cuta ta riga ta shiga

Babu gajeriyar hanya. Kifaye duka za a kwashe, har waɗanda suke da alamar lafiya, ko da sai an ɗaga duwatsu. Su tafi tankin magani, babban tankin kuma a bar shi da murjani da sauran ƙananan halittu, babu kifi ko ɗaya, yunwa ta kashe ƙwaron. Masana biyu, Angelo Colorni da Peter Burgess, sun ruwaito a 1997 cewa ɓawon Cryptocaryon na iya kai kwana 72 kafin ya fashe, daga nan ne masu kiwo suka samo ƙa'idar barin tanki babu kifi har kwana 76. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta da kifi mai tsince jikin 'yan'uwansa suna rage yawan ƙwarin, amma ba sa ƙarar da su.

Sabon murjani da dodon koɗi ba sa kamuwa, sai dai ɓawon na iya zuwa manne a dutsensu ko a bayansu, don haka su ma a killace su a tankin da babu kifi. A kuma sa safar hannu: akwai bakteriyar Mycobacterium marinum da ke shiga ta ɗan yanka ta bar gyambo mai wuyar warkewa, kuma murjanin Palythoa na ɗauke da dafin da ke kai mutum asibiti.

Wanda ba shi da wurin ajiye tanki na biyu, ko haƙurin jiran wata guda da ɗoriya, ya dakata da sayen sabon kifi har sai ya samu.