Yawon ɗaukar hoto a Dakoro: dillali ne ja-gora

Dakoro, wadda ke arewa da Maraɗi da fiye da kilomita 100, ba tsohon birni ba ce. A shekarar 1947 Nasara suka kafa bariki a wurin. Saboda haka mai yawon ɗaukar hoto ba zai tarar da zanen gine-gine irin na unguwar Birni ta Damagaram ba. Arzikin garin mutane ne da bisashe.

Da sassafe ake takawa da ƙafa, kafin rana ta ƙwalle, a nufi kasuwar dabbobi, inda Hausawa ke ciniki da Fulani da Buzaye na kwarin Tarka. A nan ja-gora wajibi ne, kuma babu kamar dillali: ya san mai raƙumi da sunansa, ya san matar da ba a ɗauka. Shi ke neman izini tukuna.

Makiyayan na da hujjar ƙi. Shekara da shekaru hotunan Bararoji na ƙawata littattafai a Faransa da Amurka, alhali da yawa cikinsu ba su taɓa ganin su ba. Yanzu da salula, nan take ake nuna wa mutum hotonsa. In bai yarda ba, a goge a gabansa.