Adon Bango a Yola da Jimeta: Zaɓen Abin da Zai Jure Rana da Damina

A sababbin gidajen da ke tashi a Jimeta, daga Karewa zuwa Bekaji da Jambutu, bangon falo ya wuce zamanin kalanda da agogo. Yanzu ana manna takardar bango mai furanni, ana kewaye silin da fiyofi da ƙananan fitilu, ana rataya manyan hotunan da aka bugo da inji. Mafi yawan wannan salo daga waya ake kwaikwayo shi: uwargida ta ga wani falo a Instagram, ta nuna wa mai fenti, ta ce irinsa take so. Abin da hoton ba ya faɗa shi ne, falon nan yana Dubai ne ko Istanbul, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa. Bangon Yola kuwa da rana yake kwana, da ƙura yake tashi. Don haka zaɓen ado a nan daga sanin yanayin gari ya kamata ya fara, kafin a zo kan abin da ido ke so.

Ƙawata bango tsohuwar sana'a ce

A biranen Hausa, musamman Zariya da Kano, magina sun daɗe suna fitar da zane a jikin katangar ƙasa tun tana ɗanya: dagi, takobi, da layuka masu sarƙe juna, sannan a shafe da makuba don ruwa ya zame. Da zamani ya juya, har keke da mota da jirgin sama sun hau fuskar gidaje a Tudun Wadan Zariya. A cikin ɗaki kuwa mulkin mata ne. Jeren amarya shi ne adon bangonta: da farko ƙore da faya-fayai, daga baya tasoshi da kwanukan langa masu launi, har aka iso zamanin tangaran a cikin kabet mai gilashi.

Adamawa tana da nata gadon. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, tana tsakiyar yankin da ya yi fice wajen zanen ƙwarya. Matan Fulani da na Ga'anda a Gombi da na Yungur a Song suna fitar da zane a bayan ƙwarya, wasu da wuƙa mai zafi, wasu da tsinin ƙarfe, kuma kowace al'umma da salon da ake gane ta da shi. Aikin ya kai masana daga ƙetare sun rubuta littattafai a kansa: T. J. H. Chappel a 1977, sai Marla Berns da Barbara Rubin Hudson a 1986 a Amurka. Abin da gidajen tarihi na waje ke adanawa a bayan gilashi, a nan ana samunsa a kasuwa, amma sau da yawa ba ya samun gurbi a falonmu.

Abokan gaba uku: rana, ƙura da laima

A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40. Zafi irin wannan yana busar da gam, shi ya sa takardar bango kan fara ɗagowa daga gefe, musamman a bangon da ke fuskantar yamma, wanda ke shan ranar la'asar. Hasken rana kuma yana ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke karya sinadaran launi. Hoton da aka buga da tawada mai araha, idan yana fuskantar taga, ja da ruwan ɗorawa kan riga dusashewa, a bar shi da wani shuɗi-shuɗi mara kyan gani. Maganin mai sauƙi ne: hoto ya zauna a bangon da rana ba ta sauka a kansa kai tsaye.

Da hunturu sai ƙura. Duk adon da ke da kwarmi da tudu, irin allunan bangon nan masu fitowa waje, matattarar ƙura ne. Wanda ya zaɓe su ya ɗauki aikin gogewa na kullum, kuma idan akwai mai asma a gidan, gara a haƙura da su.

Damina ce ta fi ɓarna. Yola gari ne na bakin Binuwai, kuma ba a manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ko ruwa bai shiga gida ba, a unguwannin da ke kwari bulo kan tsotsi laima daga ƙasa, ta hau bango, ta fito da farin gishiri-gishiri da ke kumbura fenti. Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe wurin da takardar bango ko fentin mai. Laimar ba ta tafi ba, an dai hana ta hanyar fita, sai funfuna ta yaɗu a ƙarƙashi, gara kuma ta samu takarda da katako. A fara da gyaran tushe da magudanar ruwa, a bar bango ya bushe sosai, sannan a shafa fentin ruwa wanda ke barin gini ya sha iska. Haka ma ginin ƙasa: yaɓen siminti da fentin mai kan riƙe masa laima har ya fara zubewa.

Wa zai zauna a ɗakin?

A Jimeta Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka, kuma bango kan faɗi addinin mai gida kafin ya buɗe baki. Wani gida Ayatul Kursiyyu ce da hoton Ka'aba, wani kuma gicciye ne da ayar Littafi Mai Tsarki. Musulmi da yawa suna guje wa rataya surar mai rai saboda hadisan da suka zo a kan haka, kodayake malamai sun yi saɓani game da hoton kyamara. Wannan ne ya sa rubutun Larabci da zanen da ba shi da sura suka samu karɓuwa. Allon zayyana, wanda ake ƙawata wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, ado ne na gida da ya fi firam ɗin kanti ma'ana. Sai dai rubutu mai tsarki yana da hakkinsa: a ɗaga shi sama, a nisanta shi daga ƙofar banɗaki da inda yara za su taɓa da hannu mai maiƙo.

Sai batun girma da tsayi. Masu jera hotuna a gidajen tarihi kan sa tsakiyar hoto kimanin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon wanda ke tsaye. Mu kuwa mun saba kai hoto kusa da silin, har sai baƙo ya ɗaga wuya. A ɗakin da ake zama kan darduma ko tabarma, ado ma ya fi kyau a ɗan ƙara sauko da shi. Idan a saman doguwar kujera ne, faɗinsa ya kai kamar kashi biyu cikin uku na kujerar. Bango ɗaya ya isa ya ɗauki babban ado, sauran a bar su su huta. Launi mai haske yana mayar da haske cikin ɗaki, abin da ke da amfani a duk lokacin da aka ɗauke wuta, launi mai duhu kuwa yana ƙuntata ƙaramin ɗaki.

Fentin ma a duba shi

Wasu fentocin mai, musamman masu launin ja da ruwan ɗorawa, ana haɗa su da dalma. Idan suka tsufa suna barewa, yaro mai rarrafe yana iya kai ɓarɓashin baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma iyakar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce kashi 90 cikin miliyan. Arewa ta ga abin da dalma ke yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu, kodayake can daga haƙar zinariya gubar ta fito. A karanta jikin gwangwani kafin a saya, kuma kada a kankare tsohon fenti a bushe yara suna wurin.

Ga ɗan haya, da ma'aikacin da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe, hikima ita ce kada a zuba kuɗi a abin da ba ya ciruwa. Faya-fayai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, ƙore masu zane da aka busar sosai don gudun ƙwari, ko saƙin gargajiya da aka ɗaure a firam, duk ƙusa kaɗan suke buƙata, tsumma ke share su, kuma ranar tashi a jaka ɗaya za su bi mai su. Kuɗinsu kuma yana komawa ne hannun masu saƙa da masu zane na Song da Gombi da ƙauyukan da ke kewaye da Yola, waɗanda sana'arsu ba za ta ɗore ba sai da masu saye.