Sassabin Zamani a Maraɗi: Abin da Kututture Ya Koyar Game da Shugabanci

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wuya a sami wurin da wannan karin magana ya fi tabbata kamar gona. Manomi ba ya sauya yadda yake aiki domin an yi masa lacca, sai ya ga amfanin abin a gonar maƙwabcinsa. Abin da ya faru a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar daga shekarar 1983 misali ne da ya haɗa ilimin halittu da ilimin jagorancin jama'a, kuma ya cancanci ɗalibai da malamansu su nazarce shi.

Matsalar da aka fuskanta

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Al'adar manoma ita ce su sassabe gona ƙarƙaf kafin damina, har ma akan ɗauki mai barin tsirrai a gonarsa a matsayin rago. Da babu itatuwa, sai iska ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu ko fiye a damina ɗaya. Hukuma da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi masu yawa wajen renon itatuwa da dasa su, amma mafi yawan dashen ya mutu saboda fari da awaki da gara. Ga kuma dokar gandun daji da aka gada daga mulkin Faransa, wadda ta mayar da itatuwa mallakar hukuma. Manomi yana iya shan tara idan ya sari icen da ke cikin gonarsa, don haka bai ga dalilin raya shi ba.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, irin su sabara da kalgo da magarya da gawo. Bayanin kimiyya a nan mai sauƙi ne. Idan aka sare itace, saiwarsa takan ci gaba da rayuwa, tana riƙe da abincin da ta tara, kuma ta riga ta nutsa inda laima take. Kututturen yakan fitar da toho masu yawa da ke gasar abinci da haske, shi ya sa babu wanda ke girma a cikinsu. Idan manomi ya zaɓi mafiya ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, ya datse sauran, sai ƙarfin saiwar ya tattaru a kansu, su yi saurin girman da dashe ba zai iya ba. Wannan dabara ce ake kira sassabin zamani, kuma ba ta buƙatar komai sai adda da lura.

Gawo, wanda masana ke kira Faidherbia albida, ya fi sauran amfani ga mai gero. Yana zubar da ganye a farkon damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, kuma ganyen ya zama taki. Danginsa ɗaya da wake da gyaɗa, domin akwai ƙwayoyin bakteriya a saiwarsa da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Da rani kuwa yana da ganye da 'ya'ya, dabbobi su ci, su huta a inuwarsa, su bar kashinsu a gonar.

Yadda jama'a suka karɓa

Manoma kaɗan ne suka yarda su gwada da farko, kuma sun sha ba'a, har wasu na sare musu itatuwa da dare. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka sa barin itatuwa a gona ya zama sharaɗin karɓar taimakon abinci a ƙauyuka da dama. Mutane suka bi, amma da aka daina rabon, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu su ne suka zama malaman sauran, domin maƙwabta sun ga suna samun icen girki da dirkoki da abincin dabbobi, geronsu kuma bai ragu ba.

Daga nan ƙauyuka suka fara tsara kansu. A Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a sun kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya ƙunshi maza da mata da makiyaya, suka yi dokoki da tara ga mai sara ba izini. Ma'aikatan gandun daji suka sassauta, dokokin ƙasa na 1993 da 2004 kuma suka ƙara wa mutanen karkara iko kan albarkatunsu. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya inganta haƙa ramukan zai.

Darussan shugabanci

Na farko, lura tana gaba da umarni. Shekaru aka yi ana kawo dashe daga waje alhali maganin yana cikin gonar. Na biyu, biyayyar da aka saya da kyauta takan ƙare ranar da kyautar ta ƙare, kamar yadda aka gani bayan 1984. Na uku, mutane sun fi bin wanda ya fara da gonarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a wurare da yawa ba a kiran mutum sarkin noma sai ya nuna dami dubu daga guminsa. Na huɗu, mutum yana tsare abin da ya tabbata nasa ne, kuma dokar da jama'a suka zauna suka yi ta fi wadda aka aiko musu ƙarko, musamman idan an saka mata da makiyaya, waɗanda su ne masu buƙatar ice da ganye kullum.

Malamin kimiyya zai iya gwada wannan da ɗalibansa a gonar makaranta. A zaɓi kututture goma, a datse biyar a bar biyar yadda suke, a riƙa auna tsawon toho kowane wata har shekara ta zagayo. A kuma bar wa ɗaliban su zaɓi masu kula da aikin, su tsara dokar kare shi daga awaki da masu neman ice.