Abin da Ke Sa Ruɓaɓɓen Haƙori Zogi

A cikin hikimar halittar Allah Maɗaukakin Sarki, kowane haƙori yana da ɓargo mai taushi a tsakiyarsa, cike da jijiyoyin jini da jijiyoyin ji, an kewaye shi da bango mai tauri wanda ba ya buɗawa ko kaɗan. Idan ƙwayoyin cuta suka haƙa rami har suka kusanci wannan ɓargo, sai jiki ya tashi yaƙi da su, ya saki sinadarai irin su furostagilandin da biradikinin, waɗanda ke sa jijiyar ji ta zama mai saurin harzuƙa, ta yadda kurɓin ruwan sanyi ko shayi mai ɗumi ya isa ya aika saƙon azaba zuwa ƙwaƙwalwa.

Abin al'ajabi kuwa, ita jijiyar da kanta tana ƙara wa wutar itace, domin tana fitar da sinadarin P, wanda Ulf von Euler da John Gaddum suka gano a 1931, da kuma wani sinadari mai suna CGRP, su kuma sukan buɗe jijiyoyin jini, jini ya taru, alhali babu mafita, sai matsi ya tsananta, zogi ya ƙaru.

Maganin ibufurofen yana rage furostagilandin, man kanumfari kuma yana kwantar da jijiya na ɗan lokaci, amma babu wanda ke kawar da sababin cutar. Lafawar zogi farat ɗaya ma takan zama alamar mutuwar ɓargon. Saboda haka a gaggauta zuwa wurin likitan haƙori.